Yadda Ake Tafiyar da Kwamitin Injinan Lantarki na Ƙungiyar Injiniyoyi a Legas

Idan reshen ƙungiyarku ya ɗora maka shugabancin kwamitin fasaha na injinan lantarki, ko a ƙarƙashin NSE ne (ƙungiyar injiniyoyin Najeriya) ko NIEEE (ta injiniyoyin lantarki na Najeriya) ko IEEE (ta injiniyoyin lantarki ta duniya), ka sani ranar rantsarwa ce mafi sauƙi. Na ga irin waɗannan kwamitoci da dama a Legas sun fara da hoto da shinkafa, zama na uku bai zo ba sun koma zauren WhatsApp da ake tura gaisuwar Juma'a da tallar fili. Mutanen da ke cikinsu ba ragwaye ba ne, da yawansu ƙwararru ne. Abin da ya kashe su ɗaya ne: babu wani takamaiman aiki mai mai shi da ranar gamawa. Ga yadda nake ganin za ka kauce wa wannan.

Kafin ka kira kowa, ka zauna ka rubuta iyakar aikin kwamitin a shafi ɗaya tak, shugaban reshe ya sa hannu. Ka faɗi abin da ke ciki: moto na layi uku da na layi ɗaya, janareta, da na'urorin da ke tayar da su ko daidaita gudunsu. Taransifoma kuwa ka fitar da ita. Hukumar IEC, mai tsara ma'aunan kayan lantarki na duniya, da kanta ta raba su, injina masu juyawa suna ƙarƙashin kwamitinta na 2, taransifoma na ƙarƙashin na 14, haka ma IEEE ta yi musu kwamitoci daban-daban. A Legas akwai ƙarin dalili. Da zarar ka buɗe wannan ƙofa, kowa zai kawo kukan taransifomar unguwarsu da kuɗin wutar da aka kawo masa, awa guda ta ƙare ba a taɓa batun inji ba. A takardar nan kuma a rubuta wanda kuke kai wa rahoto, da wanda ke da izinin magana da 'yan jarida da sunan ƙungiya. Wannan na ƙarshe kada ka raina shi.

Sai zaɓen mutane. Bakwai zuwa tara sun isa, abin da ya wuce haka taron biki ne. Sabon shugaba yakan cika jerin sunayen da manya masu dogayen laƙabi don kwamitin ya yi kwarjini. Ka girmama su, ka sa ɗaya ko biyu a matsayin masu ba da shawara, amma masu aikin su ne waɗanda hannunsu ke cikin giris. Ka nemi injiniyan gyara daga wata masana'anta a Ikeja ko Apapa ko Ikorodu, mutum ɗaya daga ɓangaren samar da wuta ko rarraba ta, malami ɗaya daga Jami'ar Legas da ke Akoka ko Kwalejin Fasaha ta Yaba, da matashi mai ƙwazo wanda zai riƙe sakatare. Sannan, ko da wasu za su ɗaga hanci, ka kawo mai riwayindin, wato mutumin da ke sake naɗin wayar moto idan ya ƙone. COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ba injiniyoyi kaɗai take yi wa rajista ba, har da masu fasaha da masu sana'ar hannu, don haka babu hujjar cewa zamansa a teburin ya rage darajar kowa. Shi ne yake buɗe cikin moton da ya mutu ya ga yadda ya mutu. Idan Turancinsa bai kai ba, a bar shi ya yi bayani da Yarabanci ko Hausa ko burokin, wani ya fassara. Masu sayar da injina kuma kada su wuce mutum ɗaya.

Akwai abin da na lura da shi a wajen yaranmu na Arewa da aiki ko bautar ƙasa ta kawo Legas. Tarbiyya ta hana su katse babba, sai ka ga yaro ya san amsar amma ya yi shiru har a tashi, a bakin ƙofa ne zai ce maka, "Yallaɓai, ai ba haka lissafin yake ba." Kai ne za ka kira shi da sunansa a cikin zaman ka ce, "Injiniya, me ka gani a wurin aikinku?" Haka ma 'yan'uwanmu mata injiniyoyi, kada a mayar da su masu rubuta bayanin zama kawai.

Yanzu mun zo inda yawancin kwamitoci ke faɗuwa, wato zaɓen aikin farko. A zaman farko za ka ji shawarwari biyu, ko da yaushe su ne. Wani zai ce a shirya babban taron ƙasa, wani ya ce a rubuta wa Najeriya sabon ma'aunin injina. Duka biyun ka ajiye su cikin ladabi. Taron ƙasa yana cin kuɗi da watanni, a ƙarshe kuma abin da ke saura shi ne jaka da kalanda. Ma'auni kuwa aikin SON ne, hukumar tsara ma'aunan kayayyaki ta Najeriya, iyakarku ku ba da ra'ayi idan an buɗe ƙofa, kuma jerin IEC 60034 ya riga ya tattara kusan duk abin da ake buƙata game da injina masu juyawa. Matsalarmu ba rashin takarda ba ce. Ba mu san abin da ke kashe motoci a masana'antunmu ba, sai dai kowa ya ce wutar NEPA ce.

Shawarata ita ce ku ɗauki tambaya guda ƙarama wadda kowane mai masana'anta ke jin zafinta a aljihu: me ya sa moton da aka yi wa riwayindin yake sake ƙonewa da wuri? Ku ba kanku wata shida. Ku tsara fom na shafi ɗaya, a rubuta ƙarfin moton, abin da ke rubuce a farantin jikinsa, aikin da yake yi, sau nawa aka sake naɗa shi, yadda aka cire tsohuwar wayar, da ƙarfin wutar kowane layi a ranar da aka auna. Kowane ɗan kwamiti ya ɗauki masana'antu biyu ko uku da sunansa, ba "za mu duba" ba.

Da fom ɗin ya fara dawowa, abubuwan da za ku yi ta cin karo da su sanannu ne, kuma ya kamata shugaba ya san su tun kafin lokacin. Na farko zafi. Rufin wayar moto aji-aji ne: ajin B yana jure digiri 130, F yana jure 155, H kuma 180. Ƙa'idar da masu sana'ar suka daɗe da ita ita ce duk ƙarin digiri 10 a kan haddi yana rage rayuwar rufin da rabi. Ma'aunin IEC an gina shi ne a kan cewa iskar wurin ba ta wuce digiri 40 ba, to ka shiga ɗakin inji mai rufin kwano a Apapa cikin watan Maris, janareta na huci a gefe, ka auna da kanka. Idan mai riwayindin ya cire wayar ajin F ya mayar da kayan ajin B don ya rage farashi, moton zai tashi ya yi aiki sumul ranar da aka karɓe shi, sai bayan wasu watanni a ga hayaƙi.

Na biyu, yadda ake cire tsohuwar waya. A shaguna da yawa wuta ake hurawa a ƙona cikin moton don wayar ta saki. Wannan zafin da ba a auna ba yana lalata siririn rufin da ke tsakanin fallayen ƙarfen ciki, daga nan ƙarfen da kansa ya fara ɗaukar zafi, moton ya riƙa shan wuta fiye da da. Tun da aka ɗaga farashin wutar Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta awanni da yawa, a watan Afrilun 2024, wannan asarar ta zama abin da manajan kuɗi zai saurara idan kun nuna masa da lissafi. Kada ku je wa masu riwayindin da zargi. Yawancinsu ba su da tanderu mai ma'aunin zafi ne, kuma mai kaya yana tsaye a kansu yana cewa gobe yake so.

Na uku, rashin daidaiton wuta tsakanin layuka ukun. Ɗan bambanci kaɗan a ƙarfin wutar (voltage) yana haifar da bambancin kuran, wato wutar da ke gudana a cikin waya, da ya ninka shi sau shida zuwa goma, layi ɗaya ya riƙa gasuwa. Ƙa'idar NEMA, ƙungiyar masu ƙera kayan lantarki ta Amurka, ta ce idan bambancin ƙarfin wutar ya wuce kashi 1 cikin ɗari a rage wa moton kaya, idan ya wuce kashi 5 kada a kunna shi ma. Na huɗu kuma injinan gwanjo. Wutarmu mai bugun 50 ce a daƙiƙa, ta Amurka 60. Moto mai fol huɗu, wato sandunan maganaɗisu huɗu, da aka ƙera don ya yi kusan juyi 1,800 a minti a can, a nan kusan 1,500 zai yi, ƙarfinsa ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin shida, fankarsa ma ta rage sanyaya shi. Mai saye ya duba lambar dawakin da ke jiki kawai, wato ƙarfin da aka rubuta masa, ya ɗora masa cikakken kaya. Ga kuma danshin gaɓar teku da ke shiga cikin moton da aka ajiye a sito duk damina. Ku nace a kan a riƙa gwada rufi da mega, wato na'urar auna ƙarfin rufin waya, kafin a haɗa kowane moto da wuta, a ɗauki karatun minti ɗaya da na minti goma, a raba na goman da na ɗayan. Ma'aunin IEEE 43 yana son sakamakon ya kai 2 ga ajin B zuwa sama.

Abin da zai fi ba ka wahala shi ne samun bayanan. Masana'anta ba ta son a ji injinanta na ƙonewa, injiniyan gyara kuma yana tsoron kada ogansa ya ce ya fitar da sirrin kamfani. Ka rubuta wasiƙa a kan takardar ƙungiya zuwa ga manajan kansa, ka yi alkawari a rubuce cewa ba sunan kamfani ko na shago da zai fito, lamba kawai za a sa. Ka riƙe wannan alkawari ko da wani babba a ƙungiya ne ya tambaye ka a gefe. Na san kwamitin da wani ɗansa ya ambaci sunan wata masana'anta a bainar jama'a, tun daga ranar ba su sake samun fom ko ɗaya ba.

Batun zama kuwa, sau ɗaya a wata, ta intanet, awa ɗaya. Wanda ke zaune a Agege ko Ikorodu ba zai tsallaka gadar Third Mainland da yammacin ranar aiki don zaman kwamiti a Victoria Island ba, idan ya yi sau ɗaya ba zai sake ba. Ni safiyar Asabar na fi so. Ka kauce wa lokacin sallar Juma'a da safiyar Lahadi, da azumi kuma kada ka sa zama dab da shan ruwa. A kashe bidiyo don data ta yi auki. Bayanin zama ya fita cikin kwana biyu, kuma layi uku ya isa: me za a yi, wa zai yi, yaushe. Zama na gaba da wannan takardar ake buɗe shi. Wanda ya ɓace sau uku a jere ba uzuri, ka kira shi a waya kai da shi, ka tambayi lafiyar gida, sannan ka tambaye shi ko a ba wani kujerar.

Sau biyu a shekara ku haɗu ido da ido, kuma a wurin aiki, ba a otal ba. Shagon riwayindin mai kyau ya fi kowane zauren taro amfani. Idan kuna son ganin manyan janaretoci, tashar Egbin da ke wajen Ikorodu tana da injina shida masu megawat 220 kowanne, amma ku aika takardar neman izini tun da wuri, kowa kuma ya zo da takalmin kariya da hular kwano.

Kuɗi zai zo daga kamfanonin da ke sayar da moto da janareta, kuma za su zo da fara'a. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ku karɓi tallafin wurin zama ko na buga rahoto, a sa sunansu a shafin godiya, amma kada su ga rahoton kafin ya fita, kuma kada ya yabi ko ya kushe wata alama. Kuɗin ya bi ta asusun reshe, kada ya taɓa shiga naka. Takardun IEC kuma da kuɗin waje ake sayensu kuma suna da tsada, don haka ku sayi guda ɗaya ko biyu da aikin ke buƙata, ko ku tambayi ɗakin karatun jami'a. Kada a riƙa yawo da kwafin sata a zauren kwamitin ƙungiyar da ke wa'azin ɗa'ar aiki.

Idan an samu saɓani a kan wani batun fasaha, kada girma ya yanke hukunci, a koma ga awon da aka yi. In an kasa daidaitawa a rubuta ra'ayoyin biyu. Rahoton kada ya wuce shafi goma, a fitar da taƙaitaccensa na shafi ɗaya cikin sauƙin harshe, a fassara shi da Yarabanci da Hausa a kai shagunan da suka ba ku haɗin kai. Ku gabatar da shi a taron wata na reshe, ku aika kwafi ga SON da NEMSA, hukumar da ke duba ingancin kayan wutar lantarki a Najeriya. Tun daga shekarar farko ka fara barin mataimakinka yana jagorantar wasu zaman, fom-fom da wasiƙu kuma a ajiye su a ma'ajiyar intanet ta ƙungiya wadda aƙalla mutum uku ke da mabuɗinta.