Yadda ake mayar da fitilun mota da na jirgin ruwa zuwa LED ba tare da an kashe wa mutane ido ba

Duk mai tuƙin dare ya san wannan farin hasken da ke tunkaro shi ya cike masa ido har ya daina ganin bakin titi. Galibi ba mugunta ba ce. Mai motar ne ya sayi ƙwan LED, ya cusa a gidan fitilar da aka ƙera domin halojin, wato ƙwai na da mai zare a ciki, ya rufe bonet ya yi gaba. LED ba ya cin wuta, yana kuma daɗewa, amma sai an bi shi a hankali.

Da farko zare tsohon ƙwan ka karanta lambar da ke gindinsa. Fitilar gaba yawanci H4 ce, mai ful da dim a ƙwai ɗaya, wat 60/55, ko H7 ko H11 masu wat 55. Sigina 1156, birki 1157, ƙananan na lamba kuma T10. Saka tsohon a aljihu ka tafi da shi kasuwa, domin "duk ɗaya ne, Alhaji" ba ta da wahalar faɗi a bakin ɗan tireda. Ka duba ko 12V ne ko 24V. Tirela da manyan motoci 24V suke amfani da shi.

Fara canjin da ƙananan fitilu: na cikin mota, na lamba, na ribas. Kashe mota, zare, saka. Idan ka kunna bai kama ba, kada ka yi saurin cewa jabu ne. LED na da kai da gindi a wajen wuta, juya shi ka sake sakawa.

Sigina na da nata halin. Tsohon ƙwan wat 21 yake ci, sabon bai kai kusa ba, sai mota ta ɗauka ƙwai ya mutu, ta dinga ƙifta sigina da sauri-sauri. Mafi sauƙi a canja rilen sigina da wanda aka yi domin LED. In motar ba ta da rile mai ciruwa, mai wayarin zai haɗa maka rezista mai ohm 6, wat 50. Yana zafi ƙwarai, a ɗaure shi jikin ƙarfe, nesa da roba da waya. Sai dai ka sani, wutar da ka yi tanadi rezistan ne zai cinye ta.

Yanzu fitilar gaba, inda aikin yake. Kafin ka taɓa komai, bari dare ya yi, ka tsayar da mota a wuri mai baje, kamar mita 7 zuwa 8 daga bango. Kunna dim, ka ja layi da alli daidai inda hasken halojin ya yanke. Sannan ka saka LED ɗin, fuskokinsa biyu na kallon hagu da dama, kamar ƙarfe 3 da ƙarfe 9 a agogo. Madubin cikin gidan fitila an auna shi ne da ɗan zaren halojin, saboda haka ƙwan LED da 'ya'yansa masu ba da haske ba su zauna daidai wurin zaren ba watsa haske zai yi sama da gefe. Tabbatar fankar bayan ƙwan na samun iska, murfin ƙura kuma ya rufu. Koma bango. Idan hasken ya haura layin allinka, sauko da shi da kusoshin daidaitawa. Idan kuwa babu layi sam, sai haske a warwatse kamar an watsa gari, mayar da halojin ɗinka. A Ingila tun 2021 motar da aka yi wa irin wannan canji faɗuwa take a gwajin shekara-shekara, ba don komai ba sai wannan.

A wajen launin haske, wanda ake aunawa da K, ni ba na sayen 6000K mai shuɗi-shuɗi. A hazon hunturu dawo maka yake a ido. 4300K ya fi mini, 3000K mai ruwan ɗorawa kuma ga fitilar hazo. Masu babur su lura: ƙananan babura da yawa daga koyil fitilarsu ke shan wutar AC, sai a nemi ƙwan da aka rubuta AC/DC.

A ruwa ribar ta fi fitowa fili, domin batir ne kaɗai gatanka in inji ya tsaya. Ƙwan wat 10 da ya kwana awa 10 a kunne zai zuƙe sama da 8Ah (ma'aunin cajin batir), na LED mai wat 2 bai kai 2Ah ba. Dokar hana karon jirage ta 1972 ta ce fitilun jirgi su kasance ja a hagu, kore a dama, fari a baya. A nan kada ka saka farin LED mai sanyi bayan gilashi mai launi: koren zai koma shuɗi, jan ya dushe. Sayi ja domin ja, kore domin kore, ko ka canja gidan fitilar gaba ɗaya da rufaffe mai lambar IP67, wato wanda ruwa da ƙura ba sa shiga. Shafa man giris na lantarki a mahaɗar wayoyi, ka sa fis kusa da batir.

In jirgin na da rediyon VHF, wanda jirage ke magana da juna da shi, gwada shi. A 2018 rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ta yi gargaɗi cewa wasu fitilun LED na toshe shi. Kashe fitilun, murɗa maɓallin rage hayaniya har shuuu ɗin ya ɗauke da ƙyar, sannan ka kunna su ɗaya bayan ɗaya. Wadda hayaniyar ta dawo da kunna ta, cire ta ka nemi wata.