Darasi na Bakwai: Baƙuwar Iguwana a Gidan da Akwai Kyanwa da Kare

Iguwana babban ƙadangare ne na ƙasashen Amurka masu zafi da yawan ruwan sama, tun daga Meziko har Birazil da Faraguwai, da tsibiran Karebiyan. A kan itatuwan bakin kogi take rayuwa. Wanda ya san damo ko guza zai ce ai 'yar'uwarsu ce, amma cimarsu ba ɗaya ba. Damo da guza nama suke ci, iguwana kuwa ganye.

Tana ƙarama ake sha'awarta, koriya shar, ta zauna a tafin hannu. Cikin 'yan shekaru sai ta kai mita ɗaya da rabi har da wutsiya, wata ma ta kusa mita 2, kuma tana yin shekara 15 zuwa 20 idan ta samu kula. Shi ya sa masu ita da yawa suke gajiya su nemi wanda zai karɓa. Kafin ka ce a kawo, tambayi dokar inda kake. Yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta sa ka'ida kan fataucinta tsakanin ƙasashe, kuma a 2021 jihar Fulorida ta Amurka ta sa ta cikin dabbobin da aka hana saye don kiwon gida, saboda waɗanda suka bazu a waje sun cika gari.

Ɗakinta daban

Ranar da ta iso, kada ka kira kyanwa da kare su zo gaisuwa. A wurin iguwana waɗannan ba abokan zama ba ne, masu farauta ne. Ka ware mata ɗaki mai ƙofa da sakata, ka kafa kejinta a ciki. Babbar iguwana tana son keji mai tsayi kamar na mutum a tsaye, da reshe mai kauri da za ta hau, domin hankalinta ba ya kwanciya sai tana sama.

Ga abin da yakan faru idan aka bar ƙofa a buɗe. Kyanwa za ta shigo ba motsi, ta zauna gaban keji, ta kafe ido, bakin wutsiyarta kawai ke kaɗawa. Iguwana za ta daskare a kan reshe, launinta ya yi duhu. Mutanen gida su ce, "Kai, ka ga sun saba, ko kulawa ba ta yi!" Alhali tsoro ne ya sandare ta. Bayan kwana biyu sai ka ga ganyen safe yana nan har yamma, ko ka tarar ta goge hancinta da ragar waya har ya yi ciwo, tana neman hanyar gudu. Wannan shirun ne ya fi ruɗin sababbin masu kiwo, kuma shi nake so ka riƙe fiye da komai a darasin nan.

Iguwana tana da wani ɗan tabo fari-fari a tsakiyar kanta, ana ce masa ido na uku. Ba ya ganin siffa, amma yana jin inuwar abin da ya gifta ta sama, kamar shaho. Don haka kada kyanwa ta hau saman keji, kada a rataye kejin aku ko na wani tsuntsu a bisanta, kai ma ka miƙa hannu daga gefe. Idan kana da kunkuru ko wani ƙadangare, ka raba su aƙalla wata 2 zuwa 3, ka kai kashinta wurin likitan dabbobi a duba tsutsar ciki, ka kuma leƙa tsakanin ɓawon jikinta ko akwai 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu shan jini. Maza biyu kuwa ba sa zama keji ɗaya, faɗa za su yi har rauni.

Zafi da haske

Jikin iguwana ba ya yin ɗumin kansa. Wurin da take shan zafi ya kai kamar digiri 35 a ma'aunin Salshiyas, ɗaya gefen ya fi sanyi, wajen 27, da dare kuma kada ya sauka ƙasa da 24. Sayi ma'aunin zafi, kada ka dogara da tafin hannunka. Idan sanyi ya kama ta, abinci ba ya narkewa a cikinta. A Fulorida, in an yi dare mai tsananin sanyi, har faɗowa suke yi daga kan itace a sandare. Mai riƙe da ita a Kano ko Damagaram ya yi hattara da hunturu, saboda sanyin asuba da bushewar iska duka suna cutar da ita. A fesa mata ruwa safe da yamma, a ajiye mata daro da za ta shiga.

Tana kuma buƙatar hasken da ake kira UVB, wanda jiki ke yin bitamin D3 da shi, har ya iya amfani da kalsiyam. In babu shi, ƙashi ya yi laushi, haɓa ta kumbura, ƙafafu su riƙa rawa. Hasken nan ba ya ratsa gilashin taga. Ko ta sha rana kai tsaye a keji mai rufi da gefen inuwa, kare yana ɗaure, ko a sa mata ƙwan fitila na UVB, a riƙa canza shi bayan wata 6 zuwa 12 ko da bai mutu ba.

Kwanon kowa daban

Abincin iguwana ganye ne mai duhun kore, a haɗa da kabewa, kuɓewa da koren wake, a yanka ƙanana domin ba ta tauna, haɗiya take yi. Gwanda da mangwaro kaɗan-kaɗan. Alayyafo da kabeji jefi-jefi. Latas kusan ruwa ne zalla, ba ya riƙe ta. Fiya kuwa kada a ba ta ko kaɗan.

Haɗarin gidan da ke da dabbobi da yawa yana cikin kwanon kyanwa da na kare. In ta samu za ta ci, har ta ƙwallafa rai. Amma abincin nama yana lalata mata ƙoda a hankali, ba a ganewa sai abu ya yi nisa. A ɗauke kwanonin nan duk lokacin da aka fito da ita.

Idan za su ga juna

Sai ta yi makonni tana cin abinci sosai, tana karɓar ganye daga hannunka. Sannan a shigo da kare da igiya a wuya, daga nesa, na 'yan mintoci, ita tana cikin keji. Ka duba jikinta. In ta buɗe fatar da ke reto ƙarƙashin haɓarta, ta kumbura, tana gyaɗa kai da sauri, ta ɗaga wutsiya, to a fita da kare. Wutsiyar nan bulala ce, tana iya samun idon kare, haƙoranta kuma kamar zarto suke. A lokacin barbara launin namiji yakan koma ruwan lemo, faɗansa ya ƙaru. Kada a kama ta ta wutsiya, tana iya yar da ita kamar yadda ƙadangaren bango ke yi.

Ko sun shekara suna ganin juna, kada a bar su su kaɗai. Idan kyanwa ta cije ta ko ta yakushe ta, a tafi wurin likita a ranar, ko da ciwon bai fi tsinin allura ba. Bakin kyanwa yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da ke shiga jinin iguwana da sauri.

Lafiyar mutanen gida

Iguwana mai ƙoshin lafiya ma takan ɗauki ƙwayar salmonela a kashinta, mai sa zawo da zazzaɓi. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta. Kada a wanke daronta inda ake wanke-wanken kwanonin abinci, kada kare ya sha ruwanta. Yaro ƙasa da shekara 5, mai juna biyu, tsoho da mara lafiya su tsaya a kallo. In ka ga tana atishawa, farin gari na bushewa a hancinta, gishirin jikinta take fitarwa, ba mura ba ce.

Aikin aji

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: keji, sakata, reshe, ƙoda, wutsiya.

Amsa da baki, sannan a rubuce: Me ya sa iguwana take daskarewa idan kyanwa ta zauna gabanta? Digiri nawa ne zafin wurin shan ɗuminta?

Zana taswirar gidanku, ka nuna ɗakin da za ka sa kejin, da inda kwanon kyanwa zai zauna.