Yadda kuɗin inshorar lafiya ke isa asibiti, da yadda za ka bi don kar a wahalar da kai

Mutane da yawa suna riƙe da katin NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa a Najeriya, amma ba su san ta ina asibiti ke cin nasa ba, shi ya sa da an ce musu "babu magani, je ka saya a waje" sai su kama hanyar kemis ba tambaya. Ni ma na yi hakan sau biyu a wani asibiti kafin na gane yadda abin ke tafiya.

Tsarin nan tun 2005 aka fara shi lokacin Obasanjo da sunan NHIS, sai a Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar doka ya koma NHIA, kuma dokar ta wajabta inshorar a kan kowa, a takarda dai. Ma'aikacin gwamnatin tarayya katinsa ya ɗauke shi da matarsa da 'ya'ya huɗu na cikinsa 'yan ƙasa da shekara 18. Ma'aikatan jiha kuma hukumar jiharsu za su nema, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, wanda ba ya aikin albashi akwai GIFSHIP da ake biya shekara-shekara. Talaka tuburan, mai ciki da ƙananan yara, nasu yana zuwa ne ta asusun BHCPF, kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya da dokar lafiya ta 2014 ta ware.

To ga inda maganar take. Asibitin da ka zaɓa ran rajista ana biyansa ne kan kai, wato kowane suna da ke jerinsa akwai kuɗin da ke shigo masa duk wata ta hannun HMO ɗinka, wato kamfanin da ke tsakanin hukumar da asibiti wajen biyan kuɗi, ko ka je ko ba ka je ba. Shekara da shekaru naira 750 ce kan mutum ɗaya a wata, sai a 2024 aka fara ƙara ta, zuwa 2025 ta kusa ninkuwa. Daga wannan ɗan kuɗin ne asibitin zai ga likita, ya yi maka gwajin maleriya, ya ba ka magani, ka ga kenan duk ranar da ba ka zo ba riba ce gare su, ranar da ka zo kuma daga aljihunsu ake cirewa, shi ya sa wani lokacin za ka ga ana yi wa mai kati kallon hadarin kaji alhali wanda ya zo da tsabar kuɗi an shigar da shi tuni. Ba na wanke su, amma gaskiya kuɗin ya yi kaɗan a tsadar nan.

Don haka tun farko zaɓi asibitin da ke da famasi mai kaya da ɗakin gwaji a ciki, kuma kusa da gida, kar sunan babban asibiti ya ruɗe ka. Ka je ka duba da idonka sunanka da na iyalinka sun fito a jerin, don in babu suna babu kuɗi, kuma ba za su saurare ka ba.

Magani kuma kashi 10 cikin ɗari ne naka. In na dubu biyar ne, ɗari biyar za ka bayar, ka karɓi rasit.

Babban aiki kamar tiyata, ganin ƙwararren likita ko hoto mai tsada, wannan ba ya cikin kuɗin wata-wata, shi ana biya ne aiki-aiki bayan asibiti ya tura wa HMO lissafi. Nan ne ake maganar kod. Asibitinka na farko zai rubuta takardar turawa ya nemi lambar amincewa daga HMO, in babu lambar nan asibiti na biyu ya san ba za a biya shi ba, sai ka ji ana "a dawo gobe". Kar ka zauna a benci kana jira, ajiye lambar wayar HMO ɗinka tun kana lafiya, kira su da kanka, faɗa musu lambar katinka da sunan asibitin da lokacin da aka nema. Tun Afrilun 2025 hukumar ta ce awa ɗaya aka ba su su fitar da kod, ka tuna musu da wannan. In kuma abin gaggawa ne ana fara duba mara lafiya, kod ya biyo baya.

Idan HMO ta yi biris, ko an karɓi kuɗin da bai kamata ba, NHIA na da ofis a kowace jiha. Tafi da rasit ɗinka, takardar likita da kwafin kati, ka rubuta ƙorafin a takarda, ka sa a buga maka hatimi a kwafin da za ka koma gida da shi.