Yadda Za Ka Kare Bishiyarka Daga Guguwar Farkon Damina

Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take danna bishiya da shi yakan ninka huɗu. Shi ya sa darbejiyar da ta sha iskar hunturu lafiya lau take kifewa a hadarin Mayu ko Yuni. Mahaukaciyar guguwa irin ta gaɓar Amurka daga kilomita 119 a awa take farawa, amma tamu ba sai ta kai haka ba, musamman idan ruwa ya riga ya jiƙa ƙasa har saiwa ta rasa abin kamawa.

Tun a watan Afrilu ka duba gindi. Yawancin saiwoyi ba su wuce zurfin santimita 60 ba, faɗi suke yi, har su zarce inuwar bishiyar. Wanda ya haƙa kwata ko harsashin gini dab da gindi ya datse su, ya bar bishiyar ba madogara ta wannan gefen. Idan ƙasa ta tsage ko ta kumbura a gefe ɗaya, saiwa ta fara ɗagawa ke nan. Ƙwanƙwasa jikin da ƙotar gatari: in ya amsa kamar ganga, gara ko ruɓa ta cinye ciki, sarewa ta fi.

Sai rassa. Cire busassu, sannan ka nemi inda manyan rassa biyu suka tashi a matse, ɓawo ya shige tsakaninsu. A nan tsagewa take farawa, ka rage ɗaya. Kada abin da za ka cire a shekara ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen. Gundule kan bishiya gaba ɗaya, wanda mutane ke ɗauka rigakafi ne, ƙara haɗari yake yi, domin sabon tohon a fatar itacen kawai yake maƙale, bai shiga ciki ba, da ya yi nauyi sai ya ɓalle.

Reshe mai kauri sara uku ake yi masa: ɗan tsaga ta ƙasa, kamar santimita 30 daga jiki, sai a datse ta sama gaba kaɗan, sannan a cire kututturen ba tare da taɓa kumburin gindinsa ba. Haka ɓawo ba zai saɓule ba.

Bayan guguwa, kada a kusanci reshen da ya faɗa kan wayar lantarki. Ƙaramar bishiya da kaurinta bai kai santimita 10 ba ana iya miƙar da ita nan take, a mayar da ƙasa, a ba ta ruwa, a ɗaure ta da tsumma mai faɗi a turaku biyu, sakwa-sakwa. A kwance ɗaurin bayan shekara guda, in ba haka ba zai ci jikinta.