Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa taya da rim ga motar da ke shiga filin tsere

Taya da rim ɗin da suka zauna lafiya lau a mota tana tsaye ba lallai su zauna lafiya ba idan ta shiga kwana da gudu, nauyinta ya koma gefe guda, birki ya ɗauki zafi. Yawancin matsalolin da ake gani a filin tsere daga nan suke fitowa: an zaɓi kaya da ido, ba a auna ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar cewa duk tayar da ta fi faɗi ta fi riƙe kwalta. Sai ka ga mutum ya ɗora taya mai faɗin milimita 265 a kan rim mai faɗin inci 8. Tayar za ta shiga, amma gefenta zai kumburo, kuma da zarar an karya kwana sai ta riƙa lanƙwashewa a ƙarƙashin rim ɗin. Direba ya juya sitiyari, motar ta ɗan yi jinkiri kafin ta amsa, kafaɗar tayar, wato bakin zanenta ta gefe, ta cinye tun tsakiyarta bai taɓu ba. Gyaran shi ne a fara da faɗin rim, sannan a nemo masa taya. Kowane kamfanin taya yana bayyana iyakar faɗin rim ɗin da ya yarda da shi ga kowane girma, kuma a filin tsere an fi samun natsuwar sitiyari idan aka tsaya kusa da mafi faɗin abin da aka yarda. Taya 245 a kan inci 9 takan fi 265 a kan inci 8 daɗin tuƙi nesa ba kusa ba. Masu miƙar da siririyar taya a kan faffaɗan rim don ado kuwa, wannan ba na filin tsere ba ne sam, domin bugu ɗaya a gefen hanya na iya raba ta da bakin rim.

Sai batun ofset, lambar da ake rubutawa a jikin rim bayan haruffan ET. Ita ce tazarar da ke tsakanin tsakiyar rim da fuskar da ke haɗuwa da mota, da milimita. Mutane da dama suna kallon wannan lamba ita kaɗai, suna manta cewa faɗin rim ɗin ma ya canja. Ɗauki wanda ya bar rim mai inci 8 ET45 ya koma inci 9.5 ET35. Faɗin ya ƙaru da kusan milimita 38, wato 19 a kowane gefe. Ragin 10 da aka yi a ofset ya tura rim ɗin waje, saboda haka bakinsa na waje ya fito da milimita 29, na ciki kuma ya matso kusa da shokozoba da milimita 9. Wanda bai yi wannan lissafi ba zai gane ne lokacin da madgad ya fara yankan tayarsa. Kuma gwajin da ake yi mota na tsaye bai isa ba. A ɗaga motar, a juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a tura ƙafar sama kamar yadda za ta matse a kwana, a leƙa da fitila. Bayan zagayen farko a sake dubawa: duk inda aka ga wuri ya goge yana sheƙi, can ake gogayya.

Ina jin takaicin yadda ake sakaci da birki a wannan lissafi. Rim zai iya zama daidai ta faɗi da ofset, amma sandunan da suka haɗa tsakiyarsa da bakinsa su taɓa kalifa, wato abin da ke matse faifan birki, musamman idan an sa manyan birki. Ba girman inci kaɗai ke yanke wannan ba, siffar sandunan ma tana da hannu. Ana son a bar tazarar milimita 3 ko fiye, domin ƙarfe yana buɗewa da zafi, rim kuma yana ɗan lanƙwasa idan nauyi ya hau shi. 'Yan dalmar balansin da ake mannawa a ciki su ma sukan bugi kalifa, ko gam ɗinsu ya saki saboda zafi. A liƙe su da tef na alminiyam.

Ramukan noti ba wurin “ai ya kusa” ba ne. 5x112 na Mercedes da Audi, wato ramuka 5 a kan da'ira mai faɗin milimita 112, daban yake da 5x114.3 na yawancin motocin Japan, ko da yake bambancin bai kai milimita 3 ba. Toyota 86 da Subaru BRZ 5x100 suke, Porsche 911 mai noti biyar kuma 5x130. Haka mazaunin noti: wani mai tsini ne na digiri 60, wani mai zagaye. Idan aka sa mai tsini a ramin mai zagaye, ɗan siririn layi kawai zai riƙe, kuma zai kwance. Zaren da noti ya kama kada ya gaza kaurin kusar, wato a M12x1.5, kusa mai kaurin milimita 12 da tazarar zare milimita 1.5, juyi 8 ke nan aƙalla, abin da masu ƙara sifesa, faifan da ake sawa tsakanin rim da mota, ba tare da sun canja kusoshi zuwa dogaye ba suke mantawa. A ɗaure da sifana mai awon ƙarfi bisa adadin da kamfanin motar ya bayar, a lokacin da ƙafar ta huce. Idan ramin tsakiyar rim ya fi na mota faɗi, zoben cikewa na alminiyam ya fi na roba jure zafin birki.

Tsayin taya gaba ɗaya ma abin lura ne. Taya mai lamba 245/40R18 tsayinta kusan milimita 653 ne, 255/35R18 kuwa kusan 636. Na'urar ABS, mai hana ƙafa maƙalewa idan an taka birki, da mai hana santsi suna kwatanta juyawar ƙafafu ne, don haka idan aka sauya bambancin da ke tsakanin gaba da baya da yawa sai su fara shiga tsakani inda bai kamata ba. A mota mai jan ƙafa huɗu abin ya fi tsanani, har yakan wahalar da kayan raba ƙarfi. Haka nan ba kowace mota ce ke son baya ya fi gaba faɗi ba. 911 tana buƙatarsa saboda injinta a baya yake. Motar da injinta ke gaba kuwa, sau da yawa tayoyi huɗu masu girma ɗaya sun fi mata: gabanta zai rage turjiya a kwana, kuma ana iya musanya na gaba da na baya su daɗe.

Iska kuwa, adadin da aka rubuta a jikin ƙofa na titi ne, taya na sanyi. A filin tsere iska takan hau da psi (ma'aunin iskar taya) 6 zuwa 8, wani lokaci fiye. Wanda ya fita da 35 zai dawo da sama da 40, tsakiyar tayar ya kumbura, motar ta riƙa sulɓi, shi kuma ya ɗora wa tayar laifi. Abin da ake bi shi ne awon taya tana da zafi, da zarar an fito daga fili, kafin ta huce. A rage har a kai adadin da kamfanin tayar ya ba da shawara, wanda ga irin su Bridgestone RE-71RS da Michelin Pilot Sport Cup 2 yakan kasance psi talatin da 'yan kai. Kafin a hau titin gida a mayar da iskar da aka rage.

Idan iska ta yi daidai amma kafaɗar waje na ci gaba da cinyewa, matsalar kamba ce, wato jinginar da saman taya ke yi zuwa cikin mota. Saitin titi yakan tsaya wajen digiri 1 ko ƙasa da haka, filin tsere kuma sau da yawa yana neman 2 zuwa 3 a gaba. Ma'aunin zafi ne zai faɗi gaskiya: a auna ciki, tsakiya da waje na kowace taya. Ciki ya ɗan fi waje zafi kaɗan, wannan daidai ne. Idan waje ne ya fi, a ƙara kamba, ba iska ba.

Tayar da aka saya ta hannu kuma, zurfin zanenta ba ya nuna lafiyarta. A duba lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da haruffan DOT a gefen tayar: 2322 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2022. Tayar tsere tana taurare duk lokacin da ta yi zafi ta huce, saboda haka mai zane cikakke da ta sha zagaye da yawa tana iya zama ta riga ta ƙare, kuma yana da kyau a tambayi mai ita sau nawa ta shiga fili kafin a biya kuɗi.