Yadda za ka gane ko sojojin ƙasar waje aiki suke ko lokaci kawai suke ci

Duk sanda ka ji an ce sojojin waje sun shiga wata ƙasa wai su murƙushe 'yan tawaye su kafa gwamnati, kar ka tsaya kan yawan mutanen da suka ce sun kashe, wannan lissafin ai kowa ma zai iya bugawa. Kar kuma saurin nasara ya ruɗe ka, Faransa ta shiga Mali a Janairun 2013 cikin 'yan makonni ta ƙwato Gao da Timbuktu, amma da ta fice a Agustan 2022 rikicin ya riga ya malalo har tsakiyar ƙasar.

Fara da tambayar wa ke kwana a ƙauyen. Idan sojoji sun zo da hantsi sun raba magani sun koma bariki kafin magariba, to mai bindigar da ke zuwa da daddare shi ne gwamnati, mutane kuma ba wawaye ba ne sun san wanda za su ji tsoro.

Sai ka bincika ina ake kai ƙara, wannan fa a wurina shi ne babba. A karkarar Afganistan lokacin yaƙi mutane da yawa gun alƙalan 'yan tawayen Taliban suke kai rigimar gona, ba wai don suna ƙaunarsu ba, sai don can ake yanke hukunci da wuri, kotun gwamnati kuwa sai ka ba da na goro ka yi ta zarya har ka gaji. Amurka ta shiga ƙasar a 2001, shekara 20 ana zuba kuɗi, ranar 15 ga Agusta 2021 Kabul babban birnin ƙasar ta faɗi, shugaban ƙasa Ashraf Ghani ya cika wandonsa da iska.

Duba kuma wa ke biyan sojan gida albashi. In baƙo ne, ranar da ya rufe lalita bindiga ta zama sanda, balle ma wasu sunayen a takarda kawai suke, manya na cinye kuɗin.

Waɗanda aka kayar fa, ya aka yi da su? A 2003 Paul Bremer, wanda Amurka ta naɗa ya riƙe Iraƙi bayan ta mamaye ta, ya rusa rundunar Iraƙi gaba ɗaya, ya sallami mutanen da suka iya harbi ba aiki ba abin yi, da yawansu suka faɗa tawaye.

In an zo sulhu kuma leƙa teburin ka ga su wa ke zaune. A Doha babban birnin Qatar, Fabrairun 2020, Amurka da Taliban ne suka sa hannu kan yarjejeniya, gwamnatin Kabul da aka ce an gina ko kujera ba a ba ta ba.