Kurakuran da aka fi yi wajen fassara tsofaffin kalmomin haƙar ma'adinai na Ingila

Mahaƙan Ingila na da suna raɗa wa dutse suna ne bisa kamanninsa a ido, tun kafin masana su tantance abin da ke cikinsa, shi ya sa mai fassara kalmominsu kai tsaye yakan yi ɓatan kai.

Kuskuren da ya fi yawa yana kan “black lead”. Mutane sukan ce baƙar darma, alhali babu ko ɗigon darma a ciki. Ma'adinin fensir ne, wanda aka yi ta haƙa a Borodel da ke yankin Kambalan, kuma a 1779 aka tabbatar cewa sinadarinsa ɗaya da na gawayi. A ce baƙin dutsen fensir, a bar darma ga dutsen da ake fitar da ita daga cikinsa, wato “galena”, wanda muka sani da tozali.

Na biyu ya fi damuna, domin ya shafi duk mai karanta tsofaffin takardun haƙar kuza, har da na Jos. A Konwal, yankin haƙar kuza da ke kudu maso yammacin Ingila, “black tin” ita ce kuzar da aka wanke ba a narka ba, “white tin” kuwa ƙarfen da ya fito bayan narkawa. Nauyinsu ba ɗaya ba ne, saboda haka wanda ya kira su duka kuza kawai, ya haɗa alƙalumansu wuri guda, ya ɓata lissafin. A riƙa rubuta ɗanyar kuza da narkakkiyar kuza.

“Captain” ba soja ba ne, ba kuma na jirgin ruwa ba; shugaban aikin mahaƙa ne. “Coinage” ma ba buga kuɗi ba ne. Gutsure kusurwar curin kuza ne don a gwada ingancinsa kafin a biya haraji, tsarin da aka soke a 1838.

Sai awon zurfi. “Fathom” ƙafa shida ne, kusan abin da muke kira gaba, kuma a mahaƙai da yawa ba daga bakin rami ake fara ƙirga shi ba, daga “adit” ne, wato ramin kwance da ke fitar da ruwa ta gefen tudu. Kafin a juya adadin zuwa mita, a duba inda marubucin ya fara awo, in ba haka ba za a rage wa ramin zurfinsa.